Yadda Ake Kwatanta Littattafan Adabi ta Fuskar Jigo da Salo: Amsa ga Ɗalibar Bak daga Garwa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa, ɓangaren adabi, kuma bana zan zauna jarrabawar Bak ta kammala sakandare in Allah ya yarda. Na karanta littattafan da aka sa mana, na kuma haddace taƙaitaccen bayaninsu daga 'yan takardun da ake sayarwa a bakin makaranta. Amma duk sanda aka ba mu disartasiyo, wato rubutun muhawara a kan wani ra'ayi, makina ba ya wuce 7 ko 8 cikin 20, kuma abin da malaminmu yake rubuta mini a gefen takarda shi ne wai labari nake bayarwa, ba nazari ba. Ya ce in riƙa kwatanta littattafan ta fuskar jigo da salo. Ni kuwa in na duba sai in ga duk magana ɗaya suke yi: auren dole, kishiya, mulkin mallaka. To me zan kwatanta, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya sa a shiga jarrabawa a sa'a. In na fahimce ki, kin san abin da ya faru a cikin kowane littafi, abin da ya shige miki duhu shi ne yadda za ki haɗa littattafai biyu a muhawara ɗaya alhali a ganinki duk bakinsu ɗaya ne. To wannan kamannin da ya dame ki shi ne ma ya sa kwatancin yake yiwuwa, domin littattafan da ba su haɗa komai ba ba a kwatanta su. Idan marubuta biyu suka ɗauki batu ɗaya, abin da mai gyaran takarda yake jira daga gare ki shi ne ki nuna masa hukuncin da kowannensu ya yanke a kan batun, da kuma dabarar da ya bi har maganarsa ta fito a yadda ta fito. A nan maki yake, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai suke wucewa ba tare da sun tsaya ba.

A tsarin karatun Faransanci na Kamaru, wanda hukumar jarrabawa ta OBC take shirya masa jarrabawar Probatuwar ta ajin kusa da ƙarshe da kuma ta Bak, takardar adabi tana zuwa da zaɓi uku: taƙaita nassi tare da tattauna wani batu daga cikinsa, ko sharhin nassi mai tsari wanda ake kira komanter kompoze, ko kuma disartasiyo. Ba kasafai ake cewa ƙarara a kwatanta littafi kaza da littafi kaza ba. Abin da aka saba shi ne a kawo ra'ayin wani marubuci ko manazarci game da aikin adabi, a ce ki tattauna shi bisa littattafan da kika karanta. Kwatancin yana shigowa ne ta bayan gida, domin hujja ɗaya da aka kafa da littattafai biyu ta fi ƙarfin wadda ta jingina da littafi ɗaya, kuma ba za ki iya nuna iyakar wani ra'ayi ba sai kin kawo littafin da ya saɓa masa.

Dalilan da suke sa ɗalibanmu na arewa su koma ba da labari sanannu ne gare ni, saboda na daɗe ina gyaran irin waɗannan takardu. Na farko shi ne waɗannan 'yan takardun taƙaitawa da kika ambata. Ba haramun ba ne, amma abin da suke sayarwa shi ne zubin labari da jerin taurari da jerin jigogi, sun zubar da murya da tsari da zaɓin kalmomi, wato ainihin abin da za a tambaye ki. Na biyu shi ne ƙarancin littattafai, inda kwafi ɗaya zai zagaya hannun ɗalibai da yawa, kowa ya karanta a gurguje don ya san ƙarshen labari ya miƙa wa na gaba. Na uku kuwa harshe ne. Ga wanda ya tashi da Hausa a gida da Fulatanci a kasuwa, Faransanci harshe na uku ne, kuma ba da labari da shi ya fi kafa hujja da shi sauƙi, saboda haka idan lokaci ya ƙure sai hannu ya koma inda ya saba.

Jigo ba ya tsayawa a kalma ɗaya

Lokacin da kika ce littattafan duk a kan auren dole da kishiya suke, batu kika ambata, ba ki kai ga jigo ba tukuna. Jigo cikakkiyar magana ce wadda za a iya yarda da ita ko a musa ta. Abin da nake sa ɗalibaina su yi a aji shi ne, kowa ya rubuta jimla ɗaya da ta fara da sunan marubuci, sannan "yana nuna cewa", ya ƙarasa ta ba tare da ya ambaci sunan ko tauraro ɗaya ba. Wanda ya kasa ƙarasa jimlar bai gama karanta littafin ba, ko da kuwa ya kai shafin ƙarshe. Abin kamar a ba teloli biyu atamfa iri ɗaya ne: wanda ya ce duk atamfa ce bai yi ƙarya ba, amma bai ce komai game da ɗinkin ba, alhali ɗinkin aka tambaye shi.

Mu ɗauki littattafai uku da suka shafi aure. A wasan kwaikwayon Guillaume Oyônô Mbia mai suna Trois prétendants... un mari, wanda aka buga a 1964, Juliette ta dawo ƙauyen Mvoutessi daga makaranta ta tarar danginta sun karɓi sefa 100,000 daga hannun manomi Ndi, suna kuma shirin karɓar 200,000 daga ma'aikacin gwamnati Mbia, ba tare da an tambaye ta ba. Ita kuwa Oko take so, ɗalibi wanda ba shi da ko sisi. Sai ta ɗauke kuɗin duka 300,000, aka ba Oko ya dawo da su a matsayin nasa kuɗin auren. Jigon da za a fitar a nan shi ne cewa idan kuɗin aure ya zama ciniki, kwaɗayin manya yana makantar da su har yara su yi musu wayo da dokarsu ta kansu. A Une si longue lettre na Mariama Bâ ta ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1979, Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsa, ya juya wa matarsa Ramatoulaye da 'ya'yanta 12 baya. Maganar Bâ ita ce, cin amanar zaman shekaru ya fi ƙarin auren kansa ciwo, kuma mace mai ilimi da aikin yi tana da zaɓi, ko ta zauna kamar Ramatoulaye ko ta fita kamar ƙawarta Aïssatou. Shi kuwa Munyal, les larmes de la patience na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wanda ya fito a 2017, aka sake fitar da shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes har ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a shekarar, yana nuna cewa nasihar haƙuri, idan mace kaɗai ake yi wa ita, tana zama hanyar rufe mata baki. Kin ga batu ɗaya ya haifi maganganu uku, kuma yanzu akwai abin da za a yi gardama a kai.

Wa yake magana, kuma me ya ɓoyu gare shi?

Daga cikin duk dabarun salo, wanda na fi so ki fara da shi shi ne mai ba da labari, domin shi ne ya fi saurin raba littattafai masu batu ɗaya, kuma ɗalibai sun fi yin sakaci da shi. Ki tambayi kowane littafi abu huɗu: wa yake magana, wa yake gaya wa, a wane lokaci, kuma wa aka hana magana.

Littafin Bâ wasiƙa ce guda ɗaya doguwa, wadda Ramatoulaye take rubuta wa Aïssatou tana cikin takabar mijinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da aiki. Takaba ta tsare ta a ɗaka, ta ba ta lokacin waiwaye, shi ya sa labarin ya fara da mutuwar Modou sannan ya riƙa komawa baya. Wadda ake rubuta wa aminiya ce tun ƙuruciya wadda ita ma an yi mata kishiya, shi ya sa muryar ta zama ta sirri, babu ɗaga harshe. Ki duba wurin da liman da Tamsir, yayan Modou, da Mawdo, abokinsa kuma tsohon mijin Aïssatou, suka zo gidanta don su sanar da ita auren bayan an riga an ɗaura shi. Liman ya yi ta kewaye-kewaye da maganar ƙaddara kafin ya fito da abin da ya kawo su, ita kuwa ta danne zuciyarta, ta yi murmushi, ta yi godiya, ta karɓe su yadda ake karɓar baƙi. Baƙin sun ga mace mai haƙuri. Mu masu karatu mun ga abin da yake tafasa a cikinta, saboda wasiƙar ta shigar da mu inda su ba su isa ba. Amma ki lura da abin da wannan zaɓi ya jawo: Binetou ba ta taɓa yin magana da bakinta ta gaya mana yadda ta ji ba. Duk abin da muka sani game da amarya, daga bakin uwargida muka ji shi, ko da yake Ramatoulaye ta yi mata adalci, ta nuna cewa uwarta ce ta tura ta saboda son abin duniya.

Amal ta ɗauki wannan gurbin da aka bari ta cike shi. Ta raba littafinta kashi uku, kowace mace da bakinta: Ramla, wadda take burin zama mai haɗa magunguna, aka raba ta da saurayinta Aminou aka ba Alhadji Issa, Hindou, 'yar'uwarta, wadda aka yi wa auren zumunci da Moubarak, mashayi mai dukan mace, a rana ɗaya da bikin Ramla, da Safira, uwargidan Alhadji Issa. A kashin farko kina tare da Ramla, kina kallon gidan da za a kai ta da uwargidan da ke cikinsa a matsayin abin tsoro. Idan kika isa kashi na uku sai a zaunar da ke a ɗakin Safira, ki ga Ramla ɗin nan da kika tausaya wa ta zama yarinyar da ta zo raba mace da mijinta. Safira ta yi makirci, ta bi malamai, ta cutar da Ramla, amma ba za ki iya tsanarta gaba ɗaya ba domin kin ji tsoron da yake cinta. Sakamakon dabarar shi ne laifi ya tashi daga kan kowace mace ita kaɗai ya koma kan tsarin da ya haɗa su faɗa. Sannan kalmar haƙuri da iyaye maza suka buɗe littafin da ita a nasihar ranar biki tana ta dawowa daga bakin uwa da gwaggo da dangi, kuma kowane dawowa nauyinta yana ƙaruwa, har ta kai Hindou ga taɓin hankali. Wannan maimaitawar ma salo ce, kuma tana da amfani ƙwarai idan sharhin nassi kika zaɓa.

A nan zan ɗan ratse in ja kunnenki, domin littafin Amal a unguwanninmu yake faruwa, kuma kusanci yana da nasa tarko. Na sha ganin ɗalibi ya bar littafin ya shiga kare al'ada da addini da zafi, wata kuma ta bar shi ta shiga ba da labarin auren yayarta. Kina da damar ki ce marubuciyar ta tsananta, ko ki ce ba ta ba mazan littafin zurfin da ta ba mata ba, kuma ni kaina ina ganin akwai abin dubawa a wannan magana ta biyu. Sai dai dole ki kafa ta da abin da yake cikin shafukan, misali cewa babu namiji ko ɗaya da aka ba bakin ba da labari, kuma an rarrabe tsakanin abin da addini ya ce game da yardar yarinya da abin da dangi suka aikata. Kada kuma ki ɗauka duk abin da tauraruwa ta faɗa ra'ayin marubuciya ne. Safira daban, Amal daban.

Misali mafi tsafta na yadda salo yake juya batu shi ne littattafai biyu na mutum ɗaya, Ferdinand Oyono, waɗanda suka fito a shekara ɗaya, 1956, shekara huɗu kafin Kamarun da Faransa take riƙe da ita ta sami 'yancin kai a 1960. A Une vie de boy, labarin yana cikin littattafan rubutu biyu da Toundi yake zuba abin da ya same shi kullum, kuma tun shafukan farko mun gan shi yana mutuwa a ƙasar Gini ta Sifaniya bayan ya gudo. Saboda haka lokacin da yaron yake murnar zama boyin Kwamanda, Baturen da yake mulkin garin Dangan, har yana cewa karen sarki shi ne sarkin karnuka, mu mun riga mun san inda wannan murna za ta kai shi. Tazarar da ke tsakanin abin da ya sani da abin da muka sani ita ce take yin gugar zanar, ba sai marubuci ya tsoma baki ba. Abin da ya halaka Toundi kuma gani ne: ya ga Kwamanda a wurin wanka har tsoronsa ya fita daga zuciyarsa, ya kuma san sirrin matar Kwamanda da Moreau, shugaban gidan yari, su kuwa ba za su iya jure idon da ya san su ba.

A Le vieux nègre et la médaille kuwa, daga bayan fage ake ba da labarin, wato mai ba da shi yana waje yana kallon tsoho Meka, wanda ya ba mishan gonakinsa, 'ya'yansa maza biyu kuma suka mutu a yaƙin Turawa, aka ce za a saka masa da lambar yabo ranar 14 ga Yuli. Ki karanta wurin bikin a hankali. An zana da'ira da farar ƙasa an tsayar da shi a ciki shi kaɗai cikin rana, Turawa suna inuwa a gabansa, 'yan'uwansa suna can bayansa, takalmin da bai saba da shi ba yana cin ƙafarsa, fitsari ya matse shi, ga babban baƙo bai iso ba. Mai karatu yana dariya, amma da'irar nan ta riga ta faɗi duk abin da littafin yake son faɗa: an raba shi da nasa, ba a kuma karɓe shi a cikin waɗancan ba. A cikin taron ne matarsa Kelara ta ji wani yana cewa tsohon ya rasa gonaki da 'ya'ya saboda wannan ɗan ƙarfe, sai murnarta ta koma ciki. Daren ranar aka yi ruwa da iska, lambar ta ɓace, 'yan sanda suka kama shi ba su ma gane shi ba. Duka littattafan biyu a kan buɗewar idon wanda ya amince da Bature suke, amma na farko ya sa mu cikin kan yaro ya kai mu ga mutuwa, na biyu ya tsayar da mu a gefe muna dariya ya mayar da tsoho ƙauyensu da ransa da kuma wayonsa da ya zo a makare.

A kan takardar jarrabawa

A ce an ba ki ra'ayin da yake cewa marubuci ba ya iya gyara al'ummarsa sai ya sa ta kuka, aka ce ki tattauna. Ɗalibin da ya saba da hadda zai rubuta cewa a littafin Amal an yi wa Hindou auren dole, mijinta yana dukanta, ta gudu aka dawo da ita, ta haukace. Sannan ya buɗe sabon sakin layi ya ce a wasan Oyônô Mbia ma an so a yi wa Juliette auren dole, ta saci kuɗi, ta auri Oko. Duk gaskiya ne, amma mai gyara ya riga ya san labarin, kuma babu inda aka taɓa tambayar.

Ga yadda sakin layin da yake cin maki yake tafiya, sai ki mayar da shi Faransanci da kanki. "Hawaye ba shi kaɗai ne hanyar gyara ba, domin dariya tana iya kunyata mai laifi a inda kuka zai sa shi ya kare kansa. Amal ta sa mu cikin zuciyar Hindou don mu ji zafin auren da ba a nemi yardarta ba, saboda haka mai karatu yana fita da tausayi da fushi. Oyônô Mbia kuwa ya ɗora iyaye da kakanni a dandali suna lissafin abin da kowane manemi zai kawo, har suka ɗauko boka don ya gano kuɗin da 'yarsu ce ta ɗauke, sannan suka karɓi kuɗinsu na kansu suna murna sun sami suruki mai arziki. Ɗan kallo yana yi musu dariya, kuma da wuya mutum ya koma gida ya aikata abin da ya gama yi wa dariya a bainar jama'a. Duka biyun sun soki mayar da 'ya mace haja, amma ɗaya ta bi ta raunin wadda aka zalunta, ɗayan ya bi ta wautar masu zaluncin." Ki lura cewa hujja ce ta zo farko, labari bai wuce jimla ɗaya ko biyu ga kowane littafi ba, an ambaci dabara, an faɗi tasirinta, sannan aka rufe da abin da ya haɗa su da abin da ya raba su.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa ba na son a tsara amsa littafi bayan littafi, wato kashin farko Bâ, kashi na biyu Amal. Wannan tsari yana jan hannu zuwa ba da labari ko mutum bai so ba. Ki tsara ta hujja bayan hujja, kowace hujja ta kira littattafan da suka dace da ita. Kuma ba dole ba ne su zama 'yan ƙasa ɗaya ko zamani ɗaya. A Tartuffe na Molière, wanda aka fara nunawa a Faransa a 1664, Orgon yana son tilasta wa 'yarsa Mariane ta auri munafukin da ya mallake shi alhali Valère take so, kuma a ƙarshe umarnin sarki ne ya ceci gidan. Juliette ba ta jira sarki ba, dabararta ce ta fitar da ita. Wannan bambancin kaɗai ya isa sakin layi mai kyau a kan yadda wasan barkwanci yake warware rikicinsa, muddin kin tuna cewa shekara 300 ne tsakaninsu, kuma ba a auna marubucin wancan ƙarni da ma'aunin na yau.

Shirin watannin da suka rage

Ki sami littafin rubutu ɗaya, ki ware wa kowane littafi shafi biyu. A saman shafi ki sa sunan marubuci da ƙasarsa da shekarar bugu da nau'in aikin, ki tabbatar da rubutun sunayen taurari, domin kuskure a nan yana zubar da mutunci a idon mai gyara tun kafin ya karanta hujjarki. A ƙasa ki rubuta jimlar jigo, da amsar tambayoyi huɗun nan na mai ba da labari, sannan wurare biyar ko shida da kika sani ciki da waje, irin da'irar Meka ko zuwan liman gidan Ramatoulaye. Waɗannan wuraren su ne jarinki, domin wuri ɗaya da kika fahimta sosai yana iya yi miki aiki a tambayoyi iri-iri, ko a kan aikin marubuci a al'umma, ko a kan dariya, ko a kan matsayin mace. Ki haddace 'yan gajerun maganganu daga nassi kalma da kalma. Wanda ba ki tabbatar da lafazinsa ba ki faɗe shi da kalmominki, kada ki sa masa alamar zance.

Idan kun haɗu da ƙawayenki don bita, ku fara gardamar da Hausa ko Fulatanci, wata ta tsaya wa Ramatoulaye da ta zauna, wata ta tsaya wa Aïssatou da ta fita, kowa ya kawo shaida daga littafi. Tunani ya fi gudu a harshen da aka saba faɗa da shi, kuma idan hujja ta nuna a can, mayar da ita Faransanci aiki ne na dabam mai sauƙi. Sai ku zauna kowa ta rubuta sakin layi ɗaya, ku kula da kalmomin haɗi irin su de même (haka nan) da en revanche (amma kuma) da tandis que (alhali), waɗanda su ne suke nuna wa mai gyara cewa kwatanci ake yi. Idan kina karanta littattafan Hausa na Kano, suna iya shiga a matsayin ƙarin misali. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, yana zama daidai kusa da littafin Bâ. Amma mai gyaran takardarki yana iya zama mutumin kudu da bai taɓa jin sunansa ba, don haka ki gabatar da shi a jimla ɗaya, kuma kada ya maye gurbin littattafan da aka sa muku.

Wannan hanya tana da iyakarta. Jerin littattafan manhaja yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, kuma na 'yan'uwanmu da suke tsallaken Logon a Injamena daban yake da namu, saboda haka jerin da malaminku ya ba ku shi ne abin bi, waɗanda na kawo a nan misalai ne na yadda ake aikin. Tambayar mai ba da labari ta fi ƙarfi a ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. A waƙa sai ki karkata ga siffantawa da maimaici da amon sauti da tsarin baitoci. Kwatanci mai kyau kuma ba ya rufe raunin nahawu, don haka wani ɓangare na makin da kike rasawa yana iya kasancewa a can, kuma malamin da yake riƙe da takardarki shi ne zai iya raba miki wannan da wancan. A wannan makon ki ɗauki zuwan liman gidan Ramatoulaye da nasihar iyaye maza ga Ramla da Hindou, ki rubuta sakin layi ɗaya da bai wuce layi 15 ba a kan yadda maza suke amfani da lafazi mai daɗi wajen isar da hukuncin da aka riga aka yanke, ki kai wa malaminku, ki roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da labari ce zalla.